Ɗakin Alhaji ma daga tanki ɗaya yake shan ruwa

Mai kanta, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina so waɗanda suka san aikin otal daga ciki, masu gyara da masu kula da ɗakuna da masu lissafi, kowa ya kawo abin da idonsa ya saba gani. Me ya sa matsala ta fi faɗa wa ɗakin da ya fi tsada? Kuma me ya sa wanda ya shigo yana cewa "ai mu rufin asiri ne kawai" shi ne kan fara tambayar "kun san ko ni wane ne?" da zarar shawa ta ƙi kawo ruwa?

Bari in fara da ɓangarenmu, mu masu karɓar baƙi a kantar otal. Yawancin rigimar kanta daga kama ɗaki ta waya take tasowa. Babban mutum ba ya kira da kansa. Yaronsa ko direba ke kira, ya ce a ajiye ɗaki, babu kafin alƙalami, sunan da aka rubuta a littafi kuma na yaron ne. Ranar Juma'a ko Asabar da ake da manyan ɗaurin aure biyu uku a gari, ko taron siyasa, ɗakin da ba a biya ba da wuya ya wuce magariba ba a sayar da shi ba. Alhaji ya iso sha ɗayan dare ta hanyar Bauchi, ya faɗi sunansa, a duba sama da ƙasa babu. Maganin ba wuya: a tura ko da rabin kuɗin, a karɓi lambar ɗaki a rubuce ta saƙo, a faɗi lokacin isowa, shi kuma maigidan ya san da wane suna aka kama masa.

Mai famfo, Pantami:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta farko amsarta tana kan rufin gini. Ruwan tanki nauyinsa ne ke tura shi, kuma sai tanki ya ɗara bakin shawa da mita 10 kafin a sami ƙarfin turi na "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa a bututu. Masu gini kuwa a hawa na ƙarshe suke son sa babban ɗaki, don iska da nesa da hayaniya. To tsakanin gindin tanki da shawar wannan ɗakin bai fi mita biyu ko uku ba. Na ƙasa da ya biya rabin kuɗi ruwa na dukan bayansa, na sama yana tsaye da sabulu a ido yana jiran ɗigo. Idan kan shawar irin faffaɗan nan ne na ado, abin ya ƙara lalacewa, don shi sai da ƙarfin ruwa yake aiki. Gyaransa ƙaramin injin tura ruwa ne a layin hawan sama, ko a ɗaga tankin a kan ƙarfe. Sau da yawa ma ƙofofin kan shawar ne farin dattin ruwan bohol ya toshe. A kwance shi a jiƙa a ruwan tsami ya kwana, a soke ramukan da allura.

Sai wari. Babban ɗaki kan yi sati biyu ba a kwana a ciki ba. A ƙarƙashin magudanar banɗaki akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar sokawe hawowa. A zafin Maris da Afrilu na Gombe ruwan kan ƙafe, wari da kyankyaso su sami hanya. Ma'aikaci sai ya kama fesa turare, alhali bokiti ɗaya a magudana da jan ruwan masai sau biyu sun isa. Haka jan ruwan da ke fara fitowa a famfon irin wannan ɗakin, tsatsar bututun da ya kwanta ne, a bar shi ya zuba na minti uku.

Mai gyaran sanyi, Jekadafari:
Oga mai famfo ya gama magana. Namu lissafi ne kawai. Esi mai doki ɗaya da rabi yana cin kusan kilowat 1.2 idan yana tafiya, wanda ba inbata ba (inbata shi ne mai daidaita cin wutarsa da kansa) kuma lokacin tashi yakan ja ninki uku zuwa biyar na ɗan lokaci. Ɗauki otal mai ɗaki 30: esi kaɗai kilowat 36. Janareto mai kVA 60 abin da zai iya bayarwa bai wuce kilowat 48 ba. Saura 12 ne za a raba wa fitilu da firji da kicin da injin bohol. Hitar ruwan wanka ɗaya kuma kilowat ɗaya da rabi ce. Shi ya sa da an koma kan janareto ake yanke layin hita, ba rowa ba ce, mutum takwas suka kunna tare injin zai durƙusa. Irin wannan injin da kaya a kansa yana shan gas wajen lita 10 a awa. Wutar gari ma ba sauƙi, tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Don haka otal da yawa bayan sha biyun dare sukan koma ƙaramin inji, fanka da fitila kawai. Wanda zai kama ɗaki ya tambaya ƙarara: esi yana kwana a kunne, ko zuwa ƙarfe nawa?

Ga mai son ruwan zafi da asuba lokacin hunturu: hita mai lita 15 tana bukatar kusan rabin awa. A kunna ta da dare tun akwai wutar gari, tana riƙe ɗumi har safe. Esi da ke hura iska ba sanyi, a fara duba ragar tace ƙura kafin a ce gas ya ƙare. Da hazo, sati biyu sun isa ta toshe, ƙanƙara ta kama ciki, ta narke ta ɗiga kan kujera. Idan injin esi na waje yana gurnani ba ya tashi, kafasitar da ke tayar da shi ce ta lalace, ko wuta ta yi ƙasa.

Akawu, Bauchi:
Ni tambaya ta biyu ce ta ja ni. A lissafi ake gane yadda mutum ke kallon kansa. Ɗan kasuwar hatsi da ke loda tirela a Tudun Hatsi zai tsaya a kanta ya yi ciniki kamar yana sayen buhun masara, ya karɓi ɗaki na tsakiya, ya ce "mu talakawa ina muka ga na sama". Shi fa har zuciyarsa yake faɗa. Ma'auninsa masu jirgi ne da masu gidaje a Maitama, yana ɗaga kai ya ga mutum goma a samansa sai ya ji shi a tsakiya yake. Ba ya waiwayen yaron da ya ɗauko masa jaka. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma duk ɗakin da kwanansa ɗaya ya kai haka, mai kwana a cikinsa ya bar sahun talakawa ko ya yarda ko bai yarda ba. Addini ma ya ba da ma'auni mai sauƙi, nisabin zakka, kimanin giram 85 na zinariya ya shekara a hannu. Amma ba za ka ji wanda ya ce "ni mai kuɗi ne" ba. "Alhamdu lillahi, da rufin asiri" ita ce iyaka, daga mai shago ɗaya har mai gidan mai biyar.

Inda rigima ke tashi shi ne ranar fita. An faɗa wa yaro farashin ɗaki, ba a faɗa masa akwai harajin VAT na kashi 7.5 ba, wasu wuraren da kuɗin hidima a kai. Ga abincin baƙi da aka yi ta rubutawa a lambar ɗaki. Mutumin da ya raba dubu hamsin a bakin ƙofa zai tsaya rabin awa yana musu a kan dubu uku. Kuɗin bai dame shi ba, abin da ba ya so shi ne a ce an gane yana da shi an cuce shi. A tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da haraji, kuma a ce kada a rubuta komai a ɗakin sai da sa hannun mai shi.

Hajiya mai kula da ɗakuna:
Malam Akawu, ban yarda duka rashin waiwaye ne ba. Akwai tsoro a ciki. Wanda aka sani yana otal kaza, kafin azahar 'yan uwa da 'yan maula sun cika harabar, ga kuma halin tsaro. Shi ya sa suke ɓoye suna. Sai dai ɓoyewar ba ta tafiya da son girma: yana so kada a san shi, yana kuma so a yi masa hidimar wanda aka sani. Yarinyar da ta fara aiki jiya ta ina za ta gane mai jallabiya da silifa ɗin nan shi ne mai rabin layin?

Abin da ke kashe babban ɗaki kuwa jama'a ne. An shirya shi don mutum biyu, tawul biyu, sabulu biyu. Ɗan siyasa ya sauka, mutum goma sha biyar sun wuni a ciki, kowa ya yi alwala, kowa ya shiga banɗaki, kowane ja lita shida zuwa tara. Da dare maigida ya zo wanka, tawul a jiƙe, ƙasa sharkaf, kafet na warin miya, sai a kira mu a ce otal ɗin ƙazami ne. Mai irin wannan tafiyar ya kama ƙaramin ɗaki na biyu ko falo don ganin mutane, ya bar na kwana a kulle.

Kuɗin cizo kuma ba ruwansa da farashi, a jaka yake zuwa. Kafin ka ajiye kaya, ɗaga zanin gado, haska fitilar waya a ɗinkin katifa ta wajen kai da bayan allon gado. Baƙaƙen ɗigo kamar na biro, ko ɓawon jikinsu, alama ce. Kada ka yarda da ɗakin da ke jikin wancan, nemi na wani ɓangaren. Feshi ɗaya ba ya gamawa da su, don ƙwai na ƙyanƙyashewa bayan kwana shida zuwa goma, dole a maimaita, a wanke zannuwa da ruwa mai zafi sosai a goge su da dutsen guga.

Direba, Wunti:
Hajiya, Allah ya saka. Ku ƙara da namu. Oga na sama a esi, direba na mota da sauro, kuma shi za a tasa da asuba ya ja mota zuwa Yola ko Kano. Masu tsohon arziki sukan tambayi ɗakin direba tun kafin nasu. Sabon shiga ne ke mantawa. A tambayi otal ko suna da ɗakin direbobi, da yawa suna da shi a baya a farashi kaɗan, ba sa faɗa sai an tambaya.

Mai kanta, Gombe:
Gaskiya ne, Baba. Saura maganar makulli na kati, don shi ma yana jawo "kun san ko ni wane ne" da yawa. Katin ana saita shi ne zuwa sha biyun rana na ranar fita. Baƙo ya ce wa yaronsa za a ƙara kwana, yaron ya tura kuɗi, amma ba wanda ya kawo katin kanta a sabunta. Ƙarfe ɗayan dare yana tsaye a ƙofa, jar fitila na ƙiftawa, baƙinsa na kallo. Idan kuma ba fitilar da ta kama sam, batiran cikin makullin ne suka mutu, yawanci guda huɗu ne irin na rediyo. Akwai makullin ƙarfe na ko-ta-kwana, to amma sau da yawa yana ofishin manaja, manaja kuma ya tafi gida da makullin ofishin. Mai aikin dare ya tabbata wannan makullin yana cikin durowar kanta kafin manaja ya fita.

Mai famfo, Pantami:
Na manta ɗaya. Kafin a biya, a shiga banɗaki a buɗe shawa, ba famfon wanke hannu ba, a ƙirga zuwa talatin. Famfon ƙasa yakan kawo ko tanki ya kusa ƙarewa, shawa ce ke fara ɗaukewa. Idan babu bokiti da buta a ciki, a ce a kawo tun da rana, a cika a ajiye.