Me ya sa gonakin inabin Bodo suke kan saiwar Amurka?

Manomi_Sabo: Jama'a, na ji cewa tsofaffin gonakin jar giya na Bodo a Faransa, har da Château Latour da Château Margaux, kusan duk inabinsu an yi masa aure da saiwar Amurka. Mene ne dalili?

Mai_Dashe: Malam, ƙwaron filoksera ne. Ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860, yana tsotsar saiwa har ta ruɓe. Saiwar inabin Amurka kuwa tana jure masa. Sai a ɗora reshen inabin giya, irin Cabernet Sauvignon ko Merlot, a kanta. Dole mahaɗar reshe da saiwa ta tsaya sama da ƙasa. In ƙasa ta rufe ta, reshen zai fitar da saiwarsa, ƙwaron ya dawo.

Baba_Tsakuwa: Zaɓen saiwar ma aiki ne. A ƙasar tsakuwa ta Medok, wani yanki na Bodo, inda ake dasa har kuringar inabi 10,000 a hekta, ana son saiwa irin Riparia Gloire ko 101-14 don ba sa sa tsiro ya yi ganye barkatai. A ƙasa mai alli irin ta Saint-Émilion, shi ma a Bodo, waɗannan sai ganye ya yi rawaya saboda rashin sinadarin ƙarfe. Can saiwar Fercal ko 41B ake sawa.

Mai_Dashe: Gaskiya ne, Baba. Sai dai 41B tana jinkirin kamawa a shekarun farko.