Tesla P40 ko RTX 3060 a cikin VM? Shawara kafin in sauka kasuwar Circle ta Accra

ɗan_nima: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Proxmox, manhajar da ke tafiyar da VM (kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta), a tsohuwar kwamfuta mai RAM 32GB, ina so in miƙa wa VM ɗin Windows katin hoto kai tsaye don haɗa bidiyon biki. An yi mini tayin Tesla P40 mai 24GB, ga kuma RTX 3060 mai 12GB. Na duba saitunan BIOS ban ga Above 4G Decoding ba, wato saitin da ke ba na'urori gurbi a adireshin ƙwaƙwalwa sama da 4GB. Wanne zan ɗauka?

mamobi_boy: Goge Proxmox ka sa Windows, ka huta.

ɗan_nima: Malam, akwai wasu VM a kai da nake ajiye aikin mutane.

baban_aboabo: P40? Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Na sayi irinsa a Adum wajen wani yaro, ya rantse mini lafiya lau. Ashe ba fanka, ba wurin jona allo, sai da na ɗaura masa fanka da waya. Na kunna, kwamfutar ko tashi ba ta yi. Na koma, wai ya tafi Techiman jana'iza. Sidi dubu biyu da ɗari biyar! Maiɗakina har yau in ta ga katin a saman kabad sai ta ce ga firjinta can.

hajiya_linux: Baba, ba lallai katin ya mutu ba. P40 yana neman fili na 32GB a taswirar adireshin ƙwaƙwalwa, abin da ake kira BAR. A ƙasan 4GB ɗan gurbi kaɗan aka ware wa na'urori, ba zai shiga ba sai da Above 4G Decoding. 3060 kuwa 256MB ya ishe shi in ba a kunna Resizable BAR ba. Ɗan Nima, duba VT-d tukuna, saitin Intel da ke ba da damar miƙa kati ga VM, sannan a saitin VM ɗin ka zaɓi q35 a nau'in inji da OVMF a matsayin BIOS. Kuma ka sani, duk RAM ɗin da ka ba VM mai kati a kulle yake, sauran ba za su ci daga ciki ba.

baban_aboabo: To yaron bai gaya mini ba!

mamobi_boy: Dubu biyu da rabi? An ci ka, Baba. A Tiptoe Lane na Circle dubu ɗaya da ɗari takwas na ji.

alhaji_sabonzongo: Wace shekara ke nan? Yanzu ko dubu uku ba ka samu. Kuma ku bar katunan Nvidia irin waɗannan biyun, Code 43 zai ba ku, wato Windows ta ƙi kunna katin a VM.

hajiya_linux: Alhaji, wannan tsohon labari ne. Tun 2021 direban Nvidia mai lamba 465 ya buɗe wa katunan GeForce irin su 3060 hanya a VM.

alhaji_sabonzongo: 'Yata, ina gyaran kwamfuta tun ba a yaye ki ba.

mamobi_boy: Shi ya sa shawarar ma ta zamanin Pentium ce 😂

baban_aboabo: Ni da na yi asara ni ya kamata a saurara, ba masu karatu a intanet ba.

ɗan_nima: VT-d yana nan. To in ɗauki 3060 ke nan?

alhaji_sabonzongo: Kafin kati sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. P40 wat 250 yake ja, 3060 kuma 170. Ranar Juma'a dumso ya kama mu ina tsakiyar aiki, da wutar ta dawo sai ƙauri.

mamobi_boy: Mu a Mamobi mitar ce ke cinye kuɗi kamar ana binta bashi. Katin sidi ɗari ko mako ba ya kaiwa.

baban_aboabo: Ku kun samu mita ma. Mu gida ɗaya ɗaki tara mita ɗaya, in na kunna kwamfuta sai maigidan haya ya zo ƙofa yana tari.