Wai bitamin E na hana tabo a dodon kunne?

Maman Ummi: Salam jama'a, yarona za a sa wa ɗan bututun nan a kunne saboda ruwa na taruwa, wai bitamin E na hana tabo bayan aikin, da gaske ne?

Baban Hanif: Wa'alaikumussalam Maman Ummi. Bututun ne ke shigo da iska, oksijin ya yi yawa a ciki, ana ganin shi ke jawo farin tabon nan na kalsiyam, shi ya sa aka gwada bitamin E ko zai rage illar oksijin ɗin, amma galibi a kan ɓeraye, kuma ɗigawa ake yi ba sha ba.

Anti Larai: Tabon ma yawanci ba ya rage ji fa. Bututun 'yata da kansa ya faɗo bayan wata 9. Don Allah kar ki ɗiga masa komai sai likita ya ce.

Maman Ummi: To Anti, na gode.