Wai da gaske daga ƙashin matattu ake gano inda tarin tibi ya samo asali?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Kawuna yana da doro tun yana yaro, mu duk mun ɗauka faɗuwa ya yi, sai da aka yi masa hoto a asibiti likita ya ce tibi ce ta cinye masa ƙashin baya. Abin ya tsaya min a rai wlh, har wani ɗan ajinmu ke ce min da irin wannan doron masana ke bin sawun cutar a tsofaffin kaburbura. Dan Allah ta yaya ƙashi zai faɗa maka daga wace ƙasa cuta ta fito?

Malamar Bayoloji:
Allah ya ba kawu lafiya. Eh haka ne ɗan uwa, ƙwayar cutar tana rarake gaɓoɓin ƙashin baya ta gaba har su rufta kan juna, sai bayan ya karye ya yi tsini, kuma ko bayan shekara dubbai ana gane wannan tabon. Akwai gawar wani malamin bautar gunkin Amun a tsohuwar Masar, Nesperehan, kusan shekara 3000 kenan, da doron nan sak. A Atlit Yam kuma, wani ƙauye da teku ya shanye kusa da birnin Haifa a Isra'ila, an tono uwa da jaririnta masu alamar cutar, su kam sun kai shekara 9000.

Abu Hanifa:
Ni wanda ya fi ɗaure min kai na Peru ne. Da cewa ake Turawa ne suka kai tibi nahiyar Amurka bayan Kolumbus a 1492, sai ga shi a 2014 an ciro DNA (sinadarin gadon halitta) ɗin ƙwayar daga ƙasusuwan mutum 3 da suka rasu wajen shekara 1000 da suka wuce, da aka gwada sai ta dace da irin wadda ke kama sil, dabbar tekun nan mai jan ciki a bakin gaɓa, wato ana zaton mutanen suna farautarta suna ci ne suka kwasa, ita kuma ana jin daga gaɓar Afirka ta iyo da cutar.

Malamar Bayoloji:
Gaskiya ne yaya, amma fa a bi a hankali. Inda aka samu ƙashi mafi tsufa ba lallai nan cutar ta fara ba, masu tibi kaɗan ne take taɓa musu ƙashi, sannan zafi irin namu yana lalata DNA da wuri, ga tono da aka fi yi a Turai da Masar. Lissafin na 2014 ma ya ce kakar ƙwayar ba ta wuce shekara 6000 ba, wanda ya ci karo da na Atlit Yam, har yau ana ja a kai.

Ɗan Fagge:
Na gode sosai. Kawu dai an ɗora shi kan magani, sun ce zai daɗe yana sha fiye da masu na huhu, a sa mu a addu'a.