Maye gurbin kmap da kmap_atomic a tsohon direba na Linux

Ɗan Kano: Salamu alaikum. Tsohon direba ne (lambar da ke sarrafa na'ura a kernel, wato zuciyar Linux) cike da kmap da kmap_atomic, waɗanda ke ba shafin memory adireshin da kernel zai isa gare shi, ana so a mayar da shi kmap_local_page. Sauya suna kawai ya isa, ko da sauran rina a kaba?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Bai isa ba, ɗan'uwa. kmap_local_page ya shigo a Linux 5.11, shekarar 2021. Shi kmap_atomic yana kashe page fault (tsayawa don kawo shafin da ba ya nan) da preemption (katse aiki don wani ya karɓi CPU), sabon kuwa ba ya kashe su. Saboda haka duk inda lambar ta dogara da wannan a ɓoye, misali mai kiran __copy_from_user_inatomic, sai ka sa pagefault_disable da pagefault_enable da hannunka. In ana taɓa bayanan per-CPU (waɗanda kowane CPU ke da nasa) a tsakani, ƙara preempt_disable.

Hajiya Kernel: Ta wajen kmap tarkon ya fi yawa. kunmap shafi yake karɓa, kunmap_local kuwa adireshin da aka ba ka. Adireshin na thread ɗin (aikin da ke gudana) da ya buɗe shi ne kaɗai. In ana miƙa shi ga workqueue (layin ayyukan da wani thread ke yi daga baya), kada a sauya haka, a sake tsarin ko a koma vmap, mai ba da adireshin da kowane thread zai iya amfani da shi. Rufewa kuma a juye take: na ƙarshen buɗewa shi ne farkon rufewa.

Malam Injiniya: Haka ne, Hajiya. Inda kwafi kawai ake yi, memcpy_from_page ya wadatar, layi uku sun koma ɗaya. Gwaji a injin 64-bit kaɗai yaudara ne, don babu HIGHMEM a can (sashen memory da kernel ba ya da adireshinsa na dindindin), kuskuren ba zai fito ba. Kunna CONFIG_DEBUG_KMAP_LOCAL_FORCE_MAP a saitin gina kernel, ko ka gwada kernel 32-bit a QEMU (manhajar da ke kwaikwayon inji) da RAM sama da 896MB.