Mutum nawa ke aiki a gidanku, da da yanzu?

Malamin makaranta, Zariya:
Assalamu alaikum. A ƙidayar 1991 mun ɗan haura miliyan 88 a Najeriya, a ta 2006 kuma mun kai miliyan 140, saboda haka babu mamaki idan hannayen aiki sun yawaita. A rahotonta na ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce masu aiki da masu neman aiki sun kusa miliyan 70, kuma kashi 33.3 cikin ɗari nasu ba su da abin yi. Amma a 2023, bayan ta sauya tsarin lissafi ta yadda duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a mako ake ɗaukarsa mai aiki, sai adadin marasa aikin ya sauko zuwa kashi 4.1. Ina roƙon kowa ya dubi gidansu, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Na shiga masaƙa a Kakuri ina saurayi, a zamanin da idan jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titi kan cika da kekuna har mai mota ya haƙura ya tsaya, masu tuwo da masu shayi kuma suna jere a bakin ƙofa suna ba da bashi sai ƙarshen wata. A gidanmu ni kaɗai ke fita aiki, amma albashina yana ciyar da iyali, ya biya kuɗin makarantar ƙannena, har in aika wa tsofaffi a ƙauye. Daga baya wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yau 'ya'yana maza duk suna fita da sassafe, wannan gyaran waya, wancan dako, amma abin da suke haɗawa bai kai albarkar albashin nan guda ba. Masu aiki sun ƙaru a gidana, wannan gaskiya ne, sai dai babu ɗayansu da ya san abin da zai samu gobe.

Uwargida, Kano:
Baba, Allah ya saka da alheri, amma ku yi mini uzuri in kawo wani ɓangaren. Mahaifiyata ta yi shekaru tana suyar gyaɗa, tana matse mai, tana murza ƙuli-ƙuli a tsakar gida, kuma da kuɗin adashinta aka yi mana kayan ɗaki, amma idan baƙo ya tambayi mahaifinmu sana'arta, cewa yake yi ba ta aiki. Ni ma ɗinki nake yi a ɗaki, maƙwabciyata kitso, wata kuma tana dafa alala yara su kai talla. A ganina sabon lissafin ya fi kusa da gaskiyar mata, domin mun daɗe a cikin masu aiki, ba a dai rubuta mu ba ne. Hukumar da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba.

Matuƙin Adaidaita Sahu, Kano:
Hajiya, maganarki dutse. Sai dai ni na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, takarduna suna cikin akwati. Kullum sai na fara haɗa balas ɗin mai mashin da kuɗin mai kafin in ga nawa, kuma tun da aka hana achaɓa a 2013 masu tuƙa Adaidaita sai ƙaruwa suke yi, fasinja ɗaya mu uku muna kiransa. A lissafi ina cikin masu aiki, amma har yanzu neman aiki nake yi.

Manomi, ƙasar Daura:
Mu a nan yawan masu aiki damina ce ke yanke shi. A zamanin mahaifinmu gandu ɗaya muke nomawa gaba ɗayanmu, kowa da 'yar gayaunarsa ta yamma, kuma gonar tana cinye duk hannun da ke gidan. Da aka raba gado, kowa ya tashi da ɗan fegi, 'ya'yanmu kuwa sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, ga gonar ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. Da an kai amfani rumbu sai samari su watse ci-rani zuwa Kano, Abuja da Legas, tare da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka daga Damagaram. A da suna dawowa da saukar ruwan farko, yanzu kuwa da yawansu kuɗin ƙwadago suke turowa ta waya, mu ɗauki wasu su yi mana noman. Don haka, Malam, idan mai ƙidaya ya zo garinmu a watan Agusta zai tarar da duk wanda ke nan yana gona, idan kuma ya zo a watan Maris tsofaffi da mata da yara kawai zai samu.