Darussa daga kakar Michigan ta 2023

Masu horar da ƙwallon Amurka da suka tattauna yadda Jami'ar Michigan ta ɗauki kofin Big Ten, wata gasar jami'o'in Amurka, a 2023 sun fi nanata batun 'yan layin gaba biyar masu tare abokan hamayya. A tanadi takwas da suka goge, domin rauni ba ya sallama: Zak Zinter, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya karye a wasa da Jami'ar Ohio State, aka cike gurbinsa nan take, Michigan ta ci 30-24.

In kana gaba da maki, a yi ta gudu da ƙwallo a cinye lokaci, jifa barkatai ke sa a ƙwace ta. Michigan ta yi gudu da ƙwallo sau 32 a jere a wasanta da Jami'ar Penn State.

Mataimakin koci kuma ya saba da jan ragama tun wuri. Mataimakin koci Sherrone Moore ne ya riƙe ƙungiyar lokacin da aka dakatar da babban koci Jim Harbaugh.